Warangi: Ƙaramin Kifin Da Hukuma Ba Ta Ƙirgawa

A kasuwar kifi ta Yawuri, manya ake fara yi wa ciniki. Giwan ruwa da yauni da ramboshi su ne dillalai ke rububi a kansu, su ake ɗagawa sama a jinjina nauyi, a yi ta ja-in-ja kan kuɗi. Can gefe kuwa, cikin buhuna da kwanduna, akwai wani busasshen kifi da ba a sayar da shi ɗai-ɗai, sai dai a auna da mudu. Masuntan tafkin Kainji suna kiransa warangi. Baƙon da bai san shi ba zai ɗauka 'ya'yan kifi ne aka kwaso tun ba su tasa ba, har ya yi tir da masuntan. Alhali da yawa daga cikin waɗannan 'yan mitsi-mitsin sun riga sun balaga, sun yi ƙwai, sun kai iyakar girman da Allah ya ƙaddara musu.

Nijeriya na auna darajar kifi da girmansa, kuma wannan ma'auni ne ya sa ta yi sakaci da kifin da ya fi kowanne sauƙin shiga tukunyar talaka. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kyauta ta mai babban kifi ce. A 2020 wanda ya zo na ɗaya da mai nauyin kilo 78 ya fito. Ba laifi, biki ne, biki kuwa yana son abin kallo. Abin damuwa shi ne ma'aikatu ma da idon 'yan kallo suke duban ruwa. In jami'i ya tashi maganar bunƙasa kifi, tarwadar kiwo yake nufi, ko karfasa. Warangi ba ya cikin jawabi, ba ya cikin kasafi, kuma lokacin da hukuma ta fi tunawa da shi a Kainji, don ta hana tarun da ake kama shi da shi ne.

Masana sun raba warangin Kainji gida biyu. Akwai Pellonula leonensis, wanda kan kai santimita bakwai zuwa takwas, akwai kuma Sierrathrissa leonensis, wanda da ƙyar yake kai santimita uku. Dukkansu dangin shawa ne da sadin ɗin gwangwani, sai dai su a koguna da tafkuna suke zaune, tun daga Senegal har zuwa Kamaru. Ƙaramin, in aka ɗago shi da rai, jikinsa garau yake, haske na ratsa shi, idanunsa baƙaƙe ne kawai ke tona asirinsa a tafin hannu.

Yadda kimiyya ta makara a kan ƙaramin nan abin mamaki ne. Sai a 1969 wani masanin kifi ɗan Beljiyam, Thys van den Audenaerde, ya raɗa masa suna a rubuce, daga samfurin da aka samo a Saliyo. Ke nan an gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru, tsohuwar Bussa ta nutse an koma sabuwa, mutane fiye da dubu 40 sun bar gidajensu, duk kafin kifin da zai cika tsakiyar sabon tafkin ya samu suna a littafin masana. Babban littafin kifayen Arewa da Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga a 1967 ya riga sunan fitowa da shekara biyu. Cikakken bayanin ƙirar jikinsa da ƙasusuwansa kuwa sai a 1985 Peter Whitehead da Guy Teugels suka wallafa. Ba a rasa dalili ba: kifin yana balaga ne da siffar jariri, don haka mai dubawa cikin gaggawa zai jefa shi kwandon 'ya'yan wani kifin ya wuce.

Warangi yana cikin kogin Kwara tun fil azal, amma madatsa ce ta yi masa gata. Yawancin kifayen kogi 'yan gaɓa ne, suna son ciyawa da duwatsu da fadamar da ruwa ke malalawa. Da aka tare kogin, sai ga tafki mai tsawon kusan kilomita 136, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200 in ya cika, tsakiyarsa fili fetal, ba ciyawa ba maɓoya. Abin da ke wurin shi ne ƙananan halittun nan masu yawo cikin ruwa da ido ba ya iya rarrabewa, su ne kuwa abincin warangi. Ga tafkin yana samun cika sau biyu a shekara: farin ruwa na damina mai ɗauke da laka daga koguna na kusa, da baƙin ruwa da ke isowa da hunturu bayan ya yi tafiyar watanni daga tsaunukan Gini. Sai kifin ya hayayyafa. Haka ma ya faru a tafkin Volta na Gana bayan gama madatsar Akosombo a 1965, inda yau soyayyen ƙaramin nan ya zama abin marmari a bakin titi, ana ci da abolo.

Da rana garken yana sauka ƙasa, inda haske bai kai sosai ba. Da magariba sai ya taso sama neman abinci, kuma hasken fitila na jan shi. Giwan ruwa da tsage suna biye da shi, don shi ne babban abincinsu a tsakiyar tafki. Wanda ya sayi ƙatuwar giwan ruwa a Yawuri, warangi ya saya a fakaice, bayan kifin ya ci kilo da yawa kafin ya tara kilo ɗaya na nama.

Raina kama ka ga gayya. Ƙarfin irin wannan kifi a saurin haihuwarsa yake. Giwan ruwa na bukatar shekaru kafin ta fara ƙwai. Ƙaramin warangi cikin 'yan watanni ya balaga, ya haihu, ya mutu. Wani rahoto da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2019, ƙarƙashin jagorancin Jeppe Kolding na Jami'ar Bergen da ke Norway, ya duba ƙananan kifaye masu yawo garke-garke a manyan tafkunan Afirka. Ya nuna irinsu na iya maye gurbin nauyinsu sau da yawa cikin shekara guda, kuma duk da yawan da ake kamawa, ba kasafai suke shiga ƙididdigar hukumomi ba. Wanda ba a kama ba, ba zai jira baɗi ya girma ba. Ko wani kifi ya cinye shi, ko ya mutu ya nutse.

Masu bincike a Sabuwar Bussa sun hango wannan da wuri. Tun a 1974 F. O. Otobo ya yi rubutu kan yiwuwar kafa sana'ar kamun warangi a Kainji, aka kuma gwada jan taru a tsakiyar ruwa da amfani da fitila. Gwaji ya tsaya a gwaji. Masunta kuwa ba su jira kowa ba, suka samo tasu hanyar, wato dala.

Dala doguwar raga ce mai ƙananan idanu, wani lokaci ba ta da maraba da gidan sauro. Ana loda ta a jirgi, a bar igiya ɗaya a gaɓa, jirgi ya yi nisa yana zuba ta, ya kewayo ya dawo da ɗaya igiyar. Sai ƙarti su kasu biyu su yi ta ja, ƙafa cikin laka, har bakunan su haɗu, jakar tsakiya ta fito cike tana motsi. Aiki ne mai ɗaukar mutane da yawa, mai gidan dala yana ciyar da gidaje, mata na jira da kwanuka don saye da shanya. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da wani aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ke ƙididdigar kifin tafkin, warangin dala ya kai ga zama kan gaba a nauyin abin da ake fitarwa daga Kainji.

Illar dala ita ce inda ake jan ta. Gaɓar ruwa marar zurfi ita ce wurin renon 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa. Raga mai ƙananan idanu ba ta tambayar wane ne balagagge wane ne jariri. Duk abin da ta tarar sai ta share. Masu saka kalli da masu jefa birgi suka yi ta kuka cewa ana kashe musu kifin gobe, kuma gaskiyarsu ce. Kafin shekarun 1990 su ƙare, jihohin Neja da Kebbi sun haramta dala a tafkin, aka haɗa kai da masarautu da sarakunan ruwa wajen tilasta dokar, aka shiga ba masunta lasisi.

Hana dala daidai ne. Kuskuren shi ne tsayawa a nan. An rufe ƙofa ɗaya ba a raka mutane zuwa ɗayar ba, alhali ɗayar tana rubuce a dokar ƙasa. Dokar kamun kifin ruwan cikin gida ta 1992 ta hana raga mai idanu ƙasa da milimita 76, amma ta ware hanyoyi biyu musamman saboda warangi: tarun ja na tsakiyar ruwa da injin da bai wuce ƙarfin doki 25 ba, da ragar ɗagawa mai idanu milimita uku zuwa biyar, irin atallan da masuntan kogin Kwara suka daɗe da sani. Waɗanda suka rubuta dokar sun fahimci abin da ya kamata: a bar gaɓa ga 'ya'yan manya, a bi warangi can tsakiya inda yake shi kaɗai. Sai dai jirgi da inji da fitila da man fetur kuɗi ne, kuma masuncin da aka ƙwace wa dala ba shi da bankin da zai ranta masa. Aikin Jamusawa ya ƙare, masu sintiri suka ragu. Duk dokar da ta hana mutum abincinsa ba ta nuna masa wani ba, tsawon ranta bai wuce tsawon ran jirgin sintiri ba.

Akwai inda aka bi ɗaya hanyar, kuma ya kamata a duba abin da aka samu da abin da aka rasa. A tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, babu irin wannan kifi da farko. A 1967 da 1968 aka ɗauko wani ɗan uwan warangi, kapenta, daga tafkin Tanganyika aka zuba. Ya kama wuri, har wasu suka bi ta madatsar suka gangara kogin Zambezi suka cika tafkin Cahora Bassa a Mozambik. Kamun ana yin sa ne da dare a kan wani dandamali mai iyo: a saukar da raga mai zagayayyen baki cikin zurfi, a kunna fitila, a jira garke ya taru, a kashe fitilar sama, a murɗa ragar ta taso. Daga shekarun 1970 kapenta ya zama babbar sana'a, ya zama miyar talakan Lusaka da Harare. Ƙasashen biyu suka amince kada dandamalin kamu su wuce 500 a tafkin. Aka yi ta ba da lasisi, wasu suka shiga ba lasisin ma, adadi ya ninka abin da aka ƙayyade, abin da kowane dandamali ke samu a dare ya yi ƙasa warwas. Saurin haihuwa ba ya nufin ruwa ba shi da iyaka, kuma masu kamun giwan ruwa a Kainji da ke tsoron a kwashe wa kifinsu abinci ba shirme suke yi ba. Kason da za a kama sai an auna shi, awo kuwa sai da ƙidaya.

Me ya sa za a damu da duk wannan? Amsar tana jikin yaran da ke zaune a bakin tafkin. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A jihar Kebbi, wadda Yawuri da Ngaski ke cikinta, kashi 66 ne, mafi muni a duk ƙasar a lokacin. Yara biyu cikin uku, a jihar da ke alfahari da bikin kifi mafi shahara a Afirka ta Yamma. Tsumburewa ba ta tsaya ga tsawo ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, da wuya ake mayar da shi.

Yaron ƙauye yakan ƙoshi da kunu da tuwo, amma ƙoshi daban, gina jiki daban. Abin da ke ƙaranci shi ne sinadaran da jiki ke bukata kaɗan-kaɗan: kalsiyam, ƙarfe, zinki, bitamin A. A nan ƙaramin kifi ya fi babba. Babban kifi ana fere shi, a zubar da hanji, a tsame ƙaya, a ci tsoka. Ƙarami kuwa ana cinye shi duka, kai da ido da ƙashi da hanta, wuraren da waɗannan sinadarai suka fi taruwa. Aiki a kan wannan ne ya sa aka ba Shakuntala Haraksingh Thilsted, 'yar asalin Trinidad da Tobago mai aiki da cibiyar WorldFish a lokacin, babbar kyautar abinci ta duniya a 2021. Ta shafe shekaru a Bangladesh tana nazarin wani ƙaramin kifi, mola, da masu kiwo ke ɗauka a matsayin shara har suna zuba guba su kashe shi kafin su zuba manyan kifaye a kududdufi. Ta nuna yana ƙunshe da bitamin A mai yawa, musamman a idanunsa, aka koma kiwonsa tare da manyan, ana kuma sarrafa garinsa don mata masu ciki da yara.

Ga kuma maganar rabo a gida, wadda ba a rubuta ta a rahoto amma kowace uwa ta san ta. In kifi ɗaya ne a miya, kwanon maigida yake tafiya, yara su samu romo. In dakakken warangi ne aka zuba a miyar kuka ko ta kuɓewa tare da daddawa, ba mai iya tsame shi, kowa ya ci rabonsa, har jaririn da ake ba miya da yatsa. Ba ya bukatar firji, ba ya bukatar wutar lantarki, ba ya cin itacen banda, kuma ana iya sayen na kuɗi kaɗan a ƙulla a leda. Cokali ɗaya na garinsa a kunun yaye ba abu ne da sai an kawo ƙwararre daga waje ya koyar ba. Matan da ke daka yajin jego sun san yadda ake yi.

Duk da haka, ƙasar na ɗaukar kuɗin waje tana sayo kifin ƙanƙara. Jami'an gwamnati kan ce ana bukatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Cikin abin da ake shigowa da shi har da shawa daga tekun arewacin Turai, wadda ke tafiyar dubban kilomita cikin sanyi, ta sauka Legas, ta hau mota zuwa Kano da Sakkwato, ta narke ta sake daskarewa a hanya yadda wutar lantarki ta ga dama. 'Yar uwarta tana nan a tafkunan Kainji da Jebba.

Babban mai takarar warangi da yara shi ne abincin dabbobi. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, kuma abinci ne ke cin fiye da rabin kuɗin mai kiwo. Garin kifi na cikin abubuwan da suka fi tsada a haɗin, don haka busasshen warangi abin nema ne ga masu haɗa abincin kifi da na kaji. Haka ake fama a tafkin Victoria, inda ƙaramin kifin da ake kira dagaa a Tanzaniya, omena a Kenya, mukene a Yuganda, ya zarce rabin nauyin duk abin da ake kamawa, amma kaso mai yawa ke tafiya injin niƙa. Masu kiwo za su ce su ma abinci suke samarwa, suna kuma ba matasa aiki. Haka ne. Sai dai a duba wanda ke cin tarwadar: mai kuɗin zuwa gidan farfesu a Abuja ko Kaduna. An ɗauki abincin da gidan talaka zai iya saye, an mayar da shi wanda ba zai iya ba, an kuma yi asarar wani ɓangare a tsakani, tunda ba duk abin da kifi ya ci ke zama nama ba.

Hana masu kiwo saye ba zai yi aiki ba, kuma ba shi ne mafita ba. Abin da ke tura warangi injin niƙa shi ne yadda ake shanya shi. A shimfiɗa shi a ƙasa, ko kan tsohuwar leda, ko kan dutse. Iska ta watsa masa yashi, ƙuda su sauka, kaji da awaki su bi ta kai. In hadari ya taso kafin ya bushe, ya yi laushi ya fara wari. Wanda ya taɓa tauna yashi a miya ba zai sake saye ba, sai kayan su faɗi daraja su koma na kaji. Wasu 'yan kasuwa kuma, don tsoron ƙwaro, suna yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

Maganin bai da tsada. A ƙauyen Mvugo na Burundi, a bakin tafkin Tanganyika, FAO ta kafa gadajen shanya a 2004: ƙafafu kamar mita ɗaya daga ƙasa, raga a sama, iska na ratsawa ta ƙasa da sama, da leda a kusa don rufewa in ruwa ya sauko. Bushewar da ke ɗaukar kwana uku a kan yashi ta koma kamar awa takwas, kifin ya fito tsaf, farashinsa ya tashi, maƙwabta suka kwaikwaya da kansu. Kafinta ko mai walda a Yawuri ko Malale zai iya ƙera irinsa cikin yini guda. Kifi mai tsabta zai samu mai saye a kasuwar abinci da farashin da mai haɗa abincin kaji ba zai iya biya ba, shi kuma ya koma kan wanda ya lalace da waken soya. In ana neman babban mai saye da zai ba mata masu shanya ƙwarin gwiwa, ga shirin ciyar da 'yan makaranta da aka ƙaddamar a 2016, ga asibitocin da ke fama da masu tamowa, ga hukumar HYPPADEC da aka kafa musamman don al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa.

Za a ce mutane na raina ƙaramin kifi, suna ganin abincin marasa hali ne. Wannan raini ba ya da zurfi. Busasshen kirefish da ake kawowa daga kudu ƙarami ne, da mudu ake auna shi, kuma ya shiga miyar gidajen Arewa da tsadarsa, don yana zuwa a tsabtace yana kuma ƙara ɗanɗano.

Ilimin da ake bukata ma ba duka ne zai fito daga ɗakin gwaji ba. A Mali, a fadamar kogin Kwara ta wajen Mopti, masuntan Bozo sun daɗe suna bin wani ƙaramin kifi ɗan uwan kawara da suke kira tineni. Yana tara kitse lokacin ambaliya, in ruwa ya fara ja sai ya fito garke-garke ya hau kogi, tafiyarsa na bin kwanan wata, su kuma su tare shi su tatsi mai daga jikinsa don girki. Jacques Daget, Bafaranshen da ya zauna a Diafarabé yana nazarin kifayen kogin a shekarun 1950, ya tarar masunta sun riga sun san jadawalin. Sarkawa da Gungawa da Nufawan Kainji da Jebba su ma sun san watan da warangi ke yawa, da daren da ba a fita, da gefen da yake taruwa in baƙin ruwa ya iso. Dattawan da suka ga kogin kafin a tare shi suna ƙarewa.

Cibiyar binciken kifin ruwan cikin gida ta ƙasa, NIFFR, tana Sabuwar Bussa, kusa da tafkin, kuma daga aikin binciken Kainji da aka fara a 1968 ta samo asali. Aikinta ne ta riƙa auna yawan warangi a kai a kai, ta faɗi nawa za a iya kamawa ba tare da an cuci giwan ruwa ba, ta gwada jirgin fitila mai aiki da hasken rana da ƙungiyar masunta za ta iya mallaka. Gaskiya ne rashin tsaro a dazukan da ke kewaye da tafkin ya sa aikin fili ya yi wuya. Amma masunta na fita kowane dare, kuma mai ƙidaya ɗan gari da sikeli da littafi a kowace mashigar jirage ba ya bukatar ayarin motoci. An taɓa yin haka a shekarun 1990, da kuɗin baƙi.

A 2023 aka ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, daga baya aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta. Hankalinta ya fi karkata ga tashoshin jiragen ruwa na Legas, abin da ba zai ba kowa mamaki ba. Gwamnonin Neja da Kebbi ne ke da tafkin da masuntan da yaran, don haka su ya kamata su fara sa kuɗin ƙidaya da na gadajen shanya a kasafinsu, su kuma nemi tarayya ta ƙara. Jihar Neja ma tana da wata dama da Kainji bai samu ba: madatsar Zungeru mai megawat 700 a kogin Kaduna ta tara sabon tafki a 'yan shekarun nan, masunta kuma ba sa jinkirin isa sabon ruwa. A tura masu bincike yanzu su duba abin da ke taruwa a tsakiyarsa, a tsara irin ragar da za a yarda da ita da yawan jiragen da za a ba lasisi, tun kafin wani ya zuba jarinsa a dala a zo ana rigimar ƙwace ta.